Ko Ba Sankara Ba Ne, Yana Iya Gangarowa Laka

Akwai fahimtar da ta zauna daram a zukatan mutane, daga masu jinya har ma'aikatan asibiti, cewa ƙari iri biyu ne. Akwai mugu mai yawo a jiki, wanda ake kira sankara ko ciwon daji, akwai kuma mai zama wuri ɗaya, wanda da zarar an yanke shi an gama da shi. Idan sakamakon gwajin nama ya fito, tambaya ɗaya dangi suke yi: "Likita, mai yaɗuwa ne?" Idan ya ce ba mai yaɗuwa ba ne, sai a yi hamdala, a buga waya gida a ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ba mugun ba ne." Daga ranar maganar ta mutu a zuciyar kowa.

Ba jahilci ne ya haifi wannan fahimta ba. Ita ake koya wa ɗalibin likitanci a darasinsa na farko kan ƙari, kuma a mafi yawan sassan jikin ɗan Adam gaskiya ce. Ƙarin kitse yana iya shekara ashirin a kafaɗar mutum bai taɓa leƙa huhunsa ba. Ƙarin mahaifa da ke wahalar da mata da yawa yana iya girma har a zaci juna biyu ne, amma kusan kullum a mahaifar yake zamansa. Dalilin kuwa a fili yake. Kafin ƙwayar ƙari ta bar inda aka haife ta, sai ta ɓalle daga 'yan'uwanta, ta huda bangon da ya tsare ta, ta kutsa cikin jijiyar jini ko magudanar kaluluwa, ta tsira daga garkuwar jiki, sannan ta fito a wani wuri ta kafa sabon zama. Ƙwayar sankara ta iya duk wannan. Ƙwayar ƙari mara mugunta ba ta iya ba. Don haka duk wanda ya ce irin wannan ƙari ba ya yaɗuwa, da hujjarsa ya yi magana. Abin da nake so in ƙara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, shi ne wannan doka tana da wurin da ikonta bai kai ba. Wurin shi ne tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda akwai wata hanya ta uku da ba ta buƙatar a huda bango ko ɗaya.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu cike da ruwa garau. Biyu manya ne, ɗaya a kowane ɓangare. Na uku yana tsakiya a ƙarƙashinsu, wata siririyar kafa kuma ta haɗa shi da na huɗu, wanda ke can ƙasa daidai ƙeya. A cikin kowane ɗaki akwai wani lallausan nama ja, tufkar ƙananan jijiyoyin jini ce da layi ɗaya na ƙwayoyin halitta ya lulluɓe. Likitoci suna kiransa koroid pleksus. Aikinsa shi ne ya ɗebo daga jini ya samar da mafi yawan ruwan da ƙwaƙwalwa da laka suke ciki. An daɗe da gane haka. Tun a 1918 Walter Dandy, likitan tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, ya gwada cire wannan nama daga kan jariran da ruwa ya taru musu a ka, don ya rage yawan ruwan daga tushensa. A jikin baligi ana samar da kimanin mililita 500 a rana, alhali abin da ke cikin kai da gadon baya a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba. Ke nan ruwan yana sabuntuwa sau uku ko fiye tsakanin safiyar yau da ta gobe. Ba kwance yake ba. Yana fita daga ɗaki na huɗu ta ƙofofi uku, ya kewaye ƙwaƙwalwa, ya gangara cikin jakar da ta lulluɓe laka har ƙasan ƙugu, kuma kowane bugun zuciya, kowane numfashi, kowane tari yana kaɗa shi sama da ƙasa. Harvey Cushing, wanda ake ɗauka uban tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani, shi ya kira wannan zagaye da sunan zagaye na uku a shekarun 1920, bayan na jini da na ruwan kaluluwa.

To, shi wannan nama mai samar da ruwa yakan yi ƙari. Ba kasafai ba: idan aka haɗa duk ƙarin da ke fitowa cikin ƙoƙon kai, nasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma a yara rabonsa ya fi haka, kimanin kashi 2 zuwa 4, a jariran da ba su cika shekara ba kuwa yakan kai kashi 10 zuwa 20. A yara ya fi fitowa a manyan ɗakunan nan biyu na sama, a manya kuma ya fi son ɗaki na huɗu. A riƙe wannan bambanci, zai yi mana amfani nan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki uku. Na ɗaya shi ne fafiloma, mara mugunta, wanda ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubin gwaji suke kama da na lafiyayyen nama har wani lokaci da ƙyar ake rabe su. Na uku shi ne kasinoma, sankara ce ta sosai, ta fi kama ƙananan yara, kuma sau da yawa tana da alaƙa da lalacewar wani tsatson gado mai suna TP53. A 2007 hukumar ta shigar da mataki na biyu a tsakaninsu, fafilomar da ƙwayoyinta ke rabuwa da ɗan sauri fiye da yadda ya kamata. Fafiloma ta mataki na ɗaya ita ce mafi yawa, kuma a kanta nake magana.

Yadda take bayyana ma ta hanyar ruwa ne. Ko dai ta toshe masa hanya, ko ta riƙa samar da shi fiye da abin da jiki zai iya shanyewa, ko ta ɗan zubar da jini ya daƙile wuraren da ke shanye shi. Jariri sai kansa ya riƙa girma, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ya yi ta amai da kuka, idanu su koma kallon ƙasa. Babba kuwa sai ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, gani biyu-biyu, tangaɗi. Tiyatar ba wasa ba ce, domin ƙarin cike yake da jijiyoyin jini, jariri kuma duk jinin jikinsa kaɗan ne. Amma idan Allah Ya sa aka fitar da shi gaba ɗaya, sakamakon yana cikin mafi kyau a duk tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa. Mafi rinjayen marasa lafiya suna warkewa, ba gashin rediyoterafi, ba kemoterafi, kuma ba ya dawowa. Na faɗi wannan da babbar murya ne domin kada abin da zai biyo baya ya shafe shi. Hamdalar da dangi suka yi a bakin ɗakin likita tana kan hanya.

Inda muka rabu da masu waccan fahimta shi ne mazaunin wannan ƙari. Mafi yawan ƙarurruka marasa mugunta nama ne ya kewaye su ta ko'ina. Shi kuwa wannan a cikin ruwa mai gudu yake reto, kuma jikinsa ba dunƙule yake ba, rassa-rassa ne masu laushi da saurin gutsurewa. Ka ɗauki bishiyoyi biyu iri ɗaya, ɗaya a tsakiyar gona, ɗaya a bakin rafi. Ta gona 'ya'yanta a gindinta suke faɗuwa. Ta bakin rafi kuwa ba ta fi 'yar'uwarta mugunta ba, amma abin da ya faɗo daga jikinta ruwa ne ke ɗauke shi, ya kai shi inda gudunsa ya lafa, can ya tsiro. Ƙwayar fafiloma ba ta koyi huda bango ba, ba ta shiga jini ba, ba ta canza hali ba. Gutsurewa kawai ta yi, ruwan da uwarta ta samar ya ɗauke ta.

Ina ruwan yake lafawa? Mutum yana wuni a tsaye ko a zaune, don haka abin da ya fi ruwa nauyi ƙasa yake nufa. Ita laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. A baligi tana tsayawa wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, amma jakar ruwan tana zarcewa ƙasa har cikin ƙashin da ke tsakanin ɗuwawu. A cikin wannan ragowar jaka akwai damin jijiyoyi da suka sauko daga laka, waɗanda likitoci ke kira wutsiyar doki. Su ke kai saƙo ga ƙafafu, da mafitsara, da dubura, da al'aura. A kansu ne gutsattsarin ƙarin suka fi sauka su manne, ko da yake suna iya maƙalewa a ko'ina tun daga wuya, ko ma a wasu lungunan cikin kai. Idan suka samu jijiyar jinin da za ta ciyar da su, sai su girma a hankali, irin girman uwarsu, ba gaggawa. Yanzu a tuna cewa a manya ƙarin ya fi fitowa a ɗaki na huɗu, wanda ƙofofinsa suke buɗewa kai tsaye ga hanyar gangarawa. Ba abin mamaki ba ne da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci manya ne masu ƙari a wannan ɗaki ko kusa da shi.

Kuma an rubuta su. Ba hasashe ba ne. Likitocin tiyata a ƙasashe daban-daban sun buga labarin marasa lafiyar da aka cire wa fafiloma daga kai, aka tabbatar mataki na ɗaya ce, daga baya aka same su da ƙulli ɗaya ko da yawa a kan laka. Wasu an gano nasu tun ranar farko, kafin wuƙa ta taɓa su, abin da ke nuna cewa ƙarin da kansa yake zubar da gutsattsarin. Wasu kuwa sai bayan tiyata, kuma mai yiwuwa ne aikin da kansa ya saki wasu ƙwayoyi cikin ruwan, domin babban ƙari a ƙaramin ɗaki ba ya fitowa sai gunduwa-gunduwa. Wannan ba sakacin likita ba ne, yanayin aikin ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsawon lokacin. A 2006 wata mujallar tiyatar laka ta Amurka ta buga labarin wani mara lafiya da ƙullaye suka bayyana a gadon bayansa shekara 19 bayan an cire masa fafiloma daga wajen ƙeya. Shekara 19 ta isa a haifi yaro ya shiga jami'a. Wa zai haɗa ciwon bayan yau da tiyatar kai da aka yi tun wancan zamani, in ba wanda ya san hanyar ruwan ba?

Na san amsar da mai ilimi zai fara bayarwa. Zai ce, ai tunda ya yaɗu, to dama can sankara ce, mai gwajin nama ne ya yi kuskure. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a wasu lokuta. Ƙari babba ne, yankin da ake dubawa ƙarami, ana iya tsallake wurin da ƙwayoyi suka fara sauri. Kafin 2007 kuma babu matakin tsakiya a hukumance, don haka wasu da aka kira mataki na ɗaya a tsofaffin rahotanni da yau ne da an sa su a na biyu, wanda aka san ya fi saurin dawowa. Akwai ma 'yan lokutan da fafiloma ta rikiɗe ta yi muni bayan shekaru. Duk na yarda. Amma hakan bai share sauran ba. A rahotanni da dama an yanko ƙullin da ke kan laka, an sa shi a madubi gefe da gefe da tsohon naman da aka ciro daga kai, aka tarar abu ɗaya ne: ƙwayoyi masu tsari, ba sa rabuwa da sauri, ba su ci naman da ke kusa ba. Kuma halinsu bayan haka ya gaskata madubin, domin mutanen sun rayu shekaru da su. Kasinoma idan ta bazu a laka ba ta ba da irin wannan sarari.

Ba ma fafiloma kaɗai ke yin haka ba. Akwai wani ƙarin yara mai suna filositik astrosaitoma, shi ma mataki na ɗaya ne, shi ma an san wani ɗan kaso nasa yana bin ruwan ƙwaƙwalwa ya bazu. Akwai wani kuma da ke fitowa a ƙarshen laka, miksofafilari efendimoma, wanda ya daɗe a mataki na ɗaya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shi zuwa na biyu a bugunta na 2021 bayan an ga yadda yake dawowa. Wannan ya nuna mini cewa su kansu masu tsara matakan ba su ɗauki lambar da suka bayar a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Matakin yana faɗa maka halin ƙwayar. Ba ya faɗa maka abin da wurin zamanta zai yi da ita.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce na fi girmamawa, domin daga tausayi ta fito. Mai ita zai ce: ƙarin nan da kansa ba kasafai ake ganinsa ba, gangarowarsa laka kuma ba kasafai ba ce a cikin ba kasafai. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Me ya sa za a tayar wa iyalin da suka samu sauƙi hankali? Mutumin da ya sayar da gona ko shanu ya kawo ɗansa Sakkwato, ko Kano, ko Zariya, ko Yamai aka yi masa tiyata, yanzu kuma a ce ya nemo kuɗin hoton MRI na gadon baya gaba ɗaya, saboda abin da da wuya ya faru? Yaro ƙarami kuma ba ya kwanciya shiru a cikin na'urar sai an sa shi barci, wannan ma wani kuɗin ne da wani haɗarin. Ai gara a bar kaza cikin gashinta.

Ban raina wannan hujja ba ko kaɗan. Duk wanda ya ga yadda jinya ke cinye dukiyar gida ba zai raina ta ba. Amma a duba abin da ake nema a zahiri. Ba a ce duk mai ciwon baya ya je hoton laka ba, ba a ce duk wanda aka yi wa tiyatar kai ba. Magana ce ta 'yan tsirarun mutane da aka riga aka san sunan ƙarinsu. Kuma abu mafi muhimmanci a ciki ba shi da tsada ko sisi: sani ne. Idan mara lafiya da danginsa sun san cewa wannan ƙari yana da hanyar gangarowa, to ranar da baƙon ciwo ya zo a ƙugu ko ƙafa, za su faɗa wa likita tarihin. Idan kuwa an sallame su da cewa ba ya yaɗuwa, shi ke nan, to an rufe musu ƙofar tunanin. A nan ne nake ganin cutarwar waccan fahimta. Yawancin lokaci ba ta cutar da kowa, amma wanda ta cutar, ƙafafunsa take ci.

Ku duba yadda abin zai kasance a wurinmu. Magidanci ya fara jin ciwon ƙugu yana sauka ta bayan cinya har tafin ƙafa. Gida za a ce sanyi ne, ko basir, ko wahalar noma da zaman babur. Za a sha jiƙo, a sayi maganin kashe zafi a kemis, a yi ƙaho. Idan abin ya ƙi, a je asibiti, a ɗauki hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ba ya nuna abin da ke cikin jakar laka, sai ya fito ƙalau. Idan ƙafa ta fara rauni, tunanin likita zai tafi ga tarin fuka na ƙashin baya, kuma yana da gaskiya ya fara da shi, domin shi ne ya fi yawa a ƙasashenmu. Ana iya shafe watanni ana shan maganin tarin fuka. Alhali shi tarin fuka yawanci ƙashin yake ci, ana ganin ɓarnarsa a hoto, su kuwa waɗannan ƙullaye a kan jijiya suke cikin ruwa, ƙashi lafiya lau. Jimla ɗaya daga bakin mara lafiya, cewa an taɓa cire masa fafilomar koroid pleksus, ta isa ta juya tunanin likita ta tsallake duk waɗannan watanni. Ko da an yi MRI an ga ƙullayen, mai karanta hoton da bai san tarihin ba yana iya ɗaukar su ƙarin kuben jijiya, ko sankarar da ta taso daga wani wuri, a shiga neman uwarta a huhu da nono da hanji, alhali uwar an cire ta tun da daɗewa.

Watannin nan kuma ba a banza suke wucewa ba. Jijiya tana jure matsi na ɗan lokaci, amma idan ya daɗe ta mutu, cire ƙullin ba ya dawo da ita. Shi ya sa ya kamata duk wanda aka cire wa wannan ƙari ya san alamomin. Ciwon baya da ya ƙi tafiya, musamman mai tsananta da dare ko idan an kwanta. Ciwo mai harbawa cikin ƙafa ɗaya ko duka biyu. Dindiris ko mutuwar fata, ƙafa ta riƙa ja, takalmi ya riƙa zamewa ba a ji ba. A yaro ƙarami da ba zai iya bayani ba, sai a ga ya daina tafiyar da ya riga ya iya, ko yana ihu idan an ɗaga shi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kuɓuce, wurin zama da tsakanin cinyoyi su mutu, ƙafafu biyu su yi rauni tare. Na san kunya tana hana mutanenmu faɗin irin waɗannan, magidanci zai gwammace ya ce ƙafa ce kawai. Amma a nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba makonni ba.

Sai dai ba na so in ciro mutane daga wannan rami in jefa su cikin wani. Idan aka ce ƙarin ya gangaro laka, ba a ce ajali ya zo ba. Wannan ma wata fuskar ce ta waccan tsohuwar fahimta: tunda yaɗuwa ta sankara ce, to duk abin da ya yaɗu ya gama da mutum. Ba haka ba ne. Ƙullin fafiloma a laka yawanci halin fafiloma yake riƙewa. Idan ƙarami ne ba ya matse komai, likita yana iya zaɓar ya sa masa ido da hoto lokaci-lokaci, wasu suna daɗewa ba su motsa ba. Idan ɗaya ne ko biyu suna danne jijiya, ana buɗe bayan a cire su, kuma gwada naman yana tabbatar da ko matakin ya canza. Idan suna da yawa ko suna inda wuƙa ba za ta kai ba, ana amfani da gashin rediyoterafi, ko dai a auna ƙullin shi kaɗai ko a bi gadon bayan, ana kuma gwada kemoterafi. A yaran da ba su kai shekara uku ba ana gudun gashi matuƙa, saboda illarsa ga ƙwaƙwalwa da ƙashi masu girma. Da yake marasa lafiyan kaɗan ne, babu tsari guda da kowa ya bi, kowane mutum ana zama a kansa ne a yanke abin da ya dace da shi. Ƙarancin nan ne ma ya sa likitocin sankarar yara na ƙasashe da dama suka haɗa marasa lafiyansu a bincike guda mai suna CPT-SIOP-2000, kuma a tsarinsa an tanadi gurbi ga fafilomar da ta bazu, shaida ce cewa masana fannin sun san da ita.

Ga 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, ra'ayina shi ne a duba laka aƙalla sau ɗaya ga duk wanda aka samu da wannan ƙari, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin tiyata, a zama ɗaya da hoton kai, da allurar da ke haska ƙari. Idan yaro ne, barci ɗaya ya wadatar wa hotunan biyu, kuɗin ma ya fi sauƙi a haɗe fiye da a rabe. Idan gaggawa ta hana, a jira makonni biyu zuwa uku bayan aiki, domin jinin tiyata yana gangarowa ta wannan hanyar, yana iya yin kama da ƙulli a hoto ya ruɗar da mai karantawa. Ɗibar ruwan baya da allura kafin a cire ƙarin da ya toshe hanya haɗari ne babba, kuma ko bayan tiyata, rashin ganin ƙwayoyin ƙari a ruwan bai wanke laka ba. Waɗanda suka fi cancanta a matsa musu da bibiya su ne masu mataki na biyu, da waɗanda ba a iya fitar da nasu duka ba, da waɗanda nasu ya dawo, da manya masu ƙari a ɗaki na huɗu. Idan aljihun iyali ba zai ɗauki hoto ba, a gaya musu gaskiyar lamarin a bar su su zaɓa, kuma a kowace ziyara a tambayi baya da ƙafa da fitsari, a gwada ƙarfin ƙafar da hannu. Minti biyu ne.

Su kuma dangi, takardar sakamakon gwajin nama ta fi duk sauran takardun asibiti daraja. A nemi kwafinta kafin a bar asibiti, a tabbatar an rubuta cikakken sunan ƙarin da matakinsa da ɗakin da aka ciro shi, da ko an fitar da shi duka. A ɗauke ta a waya, a kuma adana ta inda ake adana takardar gida, domin katin asibiti yana ɓacewa, likitan da ya yi aikin yana iya canza gari, mara lafiyan ma yana iya komawa wata ƙasa. Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyan iyaye musamman. Da yawa cikin masu wannan ƙari an yi musu tiyata ne suna goye, ba za su tuna komai ba sai tabon da gashi ya rufe. Wasu iyayen suna ɓoye labarin don kada a ƙi auren yarinya ko a riƙa yi wa yaro kallon mai taɓin kai. Ana iya ɓoye wa duniya, amma shi mai jikin, idan ya yi hankali, a zaunar da shi a faɗa masa sunan abin da aka cire, a nuna masa alamomin da zai kula da su, a damƙa masa takardar a hannunsa.